Ranar da kwamfutar Kawu ta manta da masu bashi a Silet

Bayan sallar Isha'i wayar ta shigo. Kawu ne daga Silet. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Ɗana, na'urar nan tana tambayarmu wani abu da Faransanci. Yaron shago ya ce in ya danna 'e' za ta gyaru. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba."

Na ce a karanto mini. Saƙon Windows ne, yana cewa sai an yi wa rumbun ajiyar fomat kafin a iya amfani da shi. Na ce, "Kawu, don Allah ku riƙe masa hannu. Ku zare wayar, ku nannaɗe rumbun a tsumma mai tsabta. Gobe da yardar Allah ina tafe."

Ni gyaran kwamfuta da buga takardu nake yi a Tamanrasset. Kawu kuma yana da shagon kayan masarufi a Silet, can yamma, gaba da Abalessa inda kushewar Tin Hinan take. Rabin cinikinsa bashi ne: direbobi, masu lambu, makiyaya, da 'yan uwanmu da suka hauro daga Agadez da Tahoua da Maradi neman na kansu. Shekara takwas ke nan yana sa a rubuta masa komai a wata tsohuwar kwamfutar tebur: wane ya ɗauki buhun gari, wane ya rage kaza. A cikinta kuma akwai hotunan takardun iyali, da muryar mahaifiyarsa, kakarmu, da aka naɗa kafin Allah Ya yi mata rasuwa.

Mako guda kafin wannan waya kwamfutar ta mutu murus. Zafi da ƙura sun gama da babban allonta, wanda masu gyara ke kira madabod. Na sayi wani na hannu, na yi alkawarin zuwa ranar Juma'a da ba aiki. Sai wani ya zo yana musun adadin da ake binsa, yaron shago ya kasa haƙuri, ya ciro rumbun ya sa a wani akwatin USB na aro.

Me ya sa ta nemi a goge?

Rumbun lafiyarsa ƙalau. Akwatin ne ya rikita lissafi. Kowane rumbu yana da ɗan jadawali a farkonsa da ke faɗa wa kwamfuta inda kaya suka fara da inda suka ƙare, kuma da ƙananan gurabe ake ƙirgawa. Rumbun Kawu an tsara shi ne da gurabe masu bayit 512. Wasu akwatunan USB kuwa sukan nuna wa kwamfuta rumbu da gurabe masu bayit 4096, wato ninki takwas. Kamar a ce maka ajiyarka na nan a taku na ɗari, kai kuma ka ƙirga da takun raƙumi. Za ka wuce wurin, ka tona, ka tarar da rairayi. Da Windows ta tona ba ta ga abin da ta sani ba, sai ta ɗauka rumbun sabo ne, ta yi tayin share fili.

Akwai kuma wata matsalar da na fi gani a shagona. Babban rumbun kwamfutar tebur, mai inci 3.5, yana bukatar wuta mai bolt 12, alhali kafar USB ta yau da kullum bolt 5 take bayarwa. In aka haɗa shi da 'yar wayar da ba ta da nata caja, ko motsi ba zai yi ba, sai mai shi ya ce ya ƙone. Ƙaramin nan na laftof, mai inci 2.5, shi ne ke iya tashi da wutar USB kaɗai.

Ƙofa ta farko da ta biyu

Na isa Silet da hantsi. Kawu ya ɗora shayi a kan gawayi, ni kuma na baje kaya a kan tabarma. Rumbu biyu ne a kwamfutar: ƙarami mai ɗauke da Windows 10, da babba mai ɗauke da lissafi da hotuna. Na ɗaura sabon allo, na jona su. Na kuma ƙara wani sabon ɗan rumbu siriri mai sauri, irin wanda ake kira M.2, tsarabata ga Kawu.

Na kunna. Baƙin allo, da rubutu cewa babu abin da za a tashi da shi.

Wannan ban tsorata da shi ba. Tsohon rumbun yana kan tsarin MBR, wanda ake amfani da shi tun 1983. Sababbin alluna kuwa da UEFI suke tashi, suna neman tsarin GPT. Na sake kunnawa ina danna maɓallin Del, na shiga saitin allon, wanda har yau kowa BIOS yake ce masa. A wasu kwamfutocin F2 ake dannawa. Na kunna CSM, wato zaɓin da ke barin sabon allo ya yi magana da tsohon tsari.

Tambarin Windows ya bayyana, yaron shago ya fara murmushi. Sai shuɗin allo, da rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Ma'anarsa, Windows ta fara tashi, sai ta rasa hanyar komawa rumbun da ta fito daga ciki. Tsohon allon yana magana da rumbu ta salon IDE, sabon kuma AHCI kaɗai ya sani. In allonka yana da zaɓin biyu, sai ka mayar da shi kan wanda aka saba. Nawa ba shi da. Na bar ta ta faɗi sau biyu ko uku har ta buɗe shafin gyara da kanta, na zaɓi tashin lallaɓawa, wanda Windows ɗin Faransanci ke kira Mode sans échec. A wannan yanayi ta ɗauko abin da take bukata don jin yaren AHCI. Da na sake kunnawa, ta tashi sumul.

Kawu ya miƙo mini kofi na biyu. Ya ce, "To, ina littafina?"

Babu shi. Babban rumbun bai fito ba sam.

Laifina ne

A nan gumi ya karyo mini. Na koma BIOS, ba ya cikin jeri. Na ɗora yatsa a bayansa, ina jin yana juyawa a hankali, ba ƙara, ba ƙwas-ƙwas. Wuta tana isa ke nan. Na canza wayar SATA, shiru. Yaron ya ce, "Yaya, ko jiya na lalata shi?" Kawu bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja.

Na nemo littafin bayanin allon a wayata, da intanet ɗin da ke zuwa yana ɗaukewa. Can cikin ƙananan rubutu na ga abin da ya kamata in karanta tun a Tamanrasset: in aka sa M.2 a gurbinsa, kafofin SATA biyu na ƙarshe sukan daina aiki, domin hanya ɗaya suke rabawa. Alluna da yawa haka aka ƙera su. Ni kuma a ɗaya daga cikin kafofin nan na jona rumbun Kawu. Tsarabata ce ta toshe masa ƙofa.

Na kashe, na zare wuta, na mayar da wayar kafa ta biyu. Rumbun ya fito da harafinsa na da. Na buɗe lissafin, sunaye suka jeru, har da na mai musun nan, da ranar da ya ɗauki kaya. Kafin in bar kowa ya taɓa komai, na kwafe duka zuwa wani rumbu daban. Sannan Kawu ya ce in kunna masa muryar Hajiya. Shagon ya yi tsit.

Abin da za ka yi in ta same ka

Irin wannan za ta yawaita, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 na neman guntun tsaro na TPM 2.0 da tsofaffin alluna da dama ba su da shi. Mutane na canza allo ko kwamfuta suna tafiya da tsohon rumbu. Ga tsarin da nake bi, daga waje zuwa ciki.

Fara da kunne da yatsa. In rumbu na juyawa lami lafiya, da sauran magana. In yana ƙwas-ƙwas ko yana tsayawa yana tashi, kashe nan take, domin kowace kunnawa ƙara masa rauni take yi.

Sannan duba BIOS. In ba ya nan, matsalar waya ce, ko wuta, ko kafa. Babu manhajar da za ta gyara wannan.

In BIOS na ganinsa amma Windows ba ta nuna shi, danna dama a kan maɓallin farawa ka buɗe shafin kula da rumbuna, Gestion des disques a kwamfutocin nan namu. Wani lokaci harafi kawai ya rasa, sai ka ba shi. Wani lokaci an rubuta Hors connexion, sai ka dawo da shi kan aiki. In an rubuta Étranger, akwai zaɓin shigo da shi ba tare da an goge komai ba. Amma duk inda ka ga Formater ko Initialiser a kan rumbun da ka san da kaya a ciki, janye hannunka. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Abu guda ne ba ni da dabararsa: BitLocker. In an kulle rumbu da shi, mabuɗin yana ɗaure da guntun TPM na tsohon allo. Da ka canza allo za ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Sau da yawa lambar tana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. In ba a same ta ba, ba mai gyaran da zai buɗe maka, komai ƙwarewarsa. Sababbin kwamfutoci da yawa a kulle suke zuwa ba tare da mai su ya sani ba. Nemo lambarka yau, tun na'urar na da rai, ka rubuta a takarda.

Da la'asar, ina haɗa kayana, Kawu ya aiki yaron ya sayo babban littafi mai bango mai kauri. Ya ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, don haka daga yau wuri biyu za a riƙa rubutawa. Na bar masa rumbun da na yi kwafi a ciki, na nuna wa yaron yadda zai sabunta shi kowace Juma'a, ya mayar da shi gida, nesa da ƙurar shago.

Mai musun kuwa, an ce washegari ya zo da kansa ya biya rabi.