Mai Gyaran Wuta Ma Maɗori Ne

A ƙasar Gaya, in yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko babur ya kayar da magidanci a hanyar Wudil, ba a kai karayar wurin duk wanda aka ci karo da shi. Sai an yi tambaya. Gidan wa ake ɗori? Gado ya yi ko haye? Ƙafar wa ya taɓa ɗorawa, kuma yaya mai ƙafar yake takawa yanzu? Mutum zai taso daga Toranke ko Balare, ya wuce maɗora biyu a hanya, don ya isa wurin na ukun da aka yi wa shaida. Ba wanda ke tsayawa neman ragi a kan ƙashin ɗansa.

Amma wannan magidancin, ranar da soket ya fara ƙauri a ɗakin maiɗakinsa, sai ya aika a kira masa kowane yaro mai testa da filaya a aljihu. In wannan ya ce dubu biyu, wancan ya ce ɗari biyar, shi ke nan mai ɗari biyar ya ci kasuwa. Abin yana damuna ƙwarai, domin aikin nan biyu jirgi ɗaya ya kwaso su.

Dukkansu aikin ɓoye ne. Ƙashi yana ƙarƙashin fata, waya tana cikin bango ko saman silin. Ranar da aka gama, gwani da ɗan koyo ba su da maraba a ido: ƙwai ya kama, fanka ta juya, kamar yadda ƙafa ke fitowa daga hannun kowane maɗori a jere da kara, a naɗe da tsumma tsaf. Sai an kwana biyu ake gane wanda ya haɗa bakin ƙashi daidai da wanda ya goce.

Yawancin ciwon wutar gida a gaɓa yake, wato inda waya ta sadu da waya, ko inda ta shiga bayan soket da makunni. In aka murɗe bakin wayoyi biyu da yatsa aka naɗe da salatif, ko aka bar noti bai ɗauru ba, wuta za ta wuce, amma da ƙyar, kuma wannan wahalar wucewar ita ke zama zafi. Ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗa, ya huce ya tsuke, yau da gobe gaɓar ta ƙara saki, zafin ya ƙaru. Ɗorin da bai kama ba yakan nuna kansa da kumburi da raɗaɗi. Gaɓar waya ma tana da nata: fuskar soket ta koma ruwan ƙasa, filogi ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, ƙwai ya riƙa ƙyafƙyaftawa a ɗaki ɗaya alhali sauran ɗakuna lafiya lau, ko ka ji ɗan ƙara yana tsartsatsi cikin bango in dare ya yi tsit. A tuna kuma irin gidajenmu: azara, silin na katako ko na buhu, harawa da karan dawa a jibge kan rufi, ɓera na kai-komo yana gwaguyar roba. In hunturu ya shigo komai ya bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa.

Sai batun fis, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ciwon da mai karaya ke ji in ya taka ƙasa rahama ne, shi ke hana shi ɗora nauyi a kan ƙashin da bai warke ba. Fis da bireka aikinsu ke nan. An yi su ne don su yanke kafin wayar cikin bango ta narke. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, filogi mai ƙafa uku kuma iyakarsa amfiya 13, kusan wat 3,000 ke nan. Hitar ruwa mai wat 2,000 da dutsen guga mai 1,000, in aka haɗa su a filogi ɗaya, sun riga sun cinye wannan, tun ba a jona firji ba. To in fis ya tsinke sau biyu a jere, magana yake yi. Mai gyaran da zai ciro kat-awut ya naɗa masa waya mai kauri, ya ce "Alhaji, wannan ba zai ƙara yankewa ba," daidai yake da wanda ya ɗirka wa mai karaya maganin kashe ciwo ya ce tashi ka tafi gona. Gaskiya ya faɗa, ba zai ƙara yankewa ba. Abin da zai yanke yanzu yana saman silin ɗin ɗakin da yara ke kwana.

Kaurin waya ma ba ado ba ne. Mai lamba 1.5 ta ƙwai da fanka ce, 2.5 ta soket, hita da na'urar sanyaya ɗaki kuwa suna son 4 ko fiye, a layinsu na daban. Akwai kuma wadda cikinta alminiyam ne aka yi mata wankan jan ƙarfe; ka kankare bakinta da wuƙa sai fari ya bayyana. Wanda zai yi wayarin sabon gida a Kademi ko cikin garin Ajingi, gara ya bi mai aikin har Sabon Gari a Kano, a sayo kayan a gabansa. Araha ba ta ado.

Maɗorin ƙwarai ya san iyakarsa. In ya ga ƙashi ya huda fata, ko yatsu sun fara baƙi, ba ya jayayya, zai ce a wuce Asibitin Ƙashi na Dala. Iyakar mai gyaran wutar gida ita ce mita. Daga nan zuwa falwaya da taransifoma hurumin KEDCO ne, kamfanin da ya karɓi rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa a Nuwamban 2013, ko da yake bakinmu bai bar cewa NEPA ba. Lo-karan ɗin da ke addabar garuruwan da suke wutsiyar layi ba daga gidanka yake ba, kuma ba a maganinsa da sake soket. Abin da ke hannunka shi ne ka zare firji in ƙwai ya yi ja kamar garwashi, domin injinsa na ƙonewa in wuta ta yi ƙasa. In kuma ka ga ƙwanka ya yi wani irin haske fiye da kima alhali na maƙwabci ya dushe, galibi wayar nutural ce ta tsinke a layi, wutar na iya haurawa ta doshi bolt 400. Kashe babban makunni nan take, a kai rahoto. Duk saurayin da ya ce zai hau falwaya ya sauya maka layi saboda "ai an ɗauke wuta," ka riƙe shi don Allah. Wuta ba ta sallama in za ta dawo. Haka nan janareta da inbatar sola: in aka jona su da gida babu canji-oba, wutarsu na komawa kan layin gari, ta tarar da bawan Allah yana aiki a sama bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai takardu a wannan sana'a. Hukumar NEMSA tana ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, akwai waɗanda suka fito daga kwalejin fasaha irin ta Wudil, akwai masu takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago. Amma da yawa daga cikin gwanayenmu a hannun maigida suka koya, kuma ban ga aibi a nan ba. Gaya da ma garin masu sana'ar hannu ne tun zamanin maƙeran Abagayawa. A yi wa masu gyaran dai tambayar da ake yi wa maɗori. "Injiniya, wane ne maigidanka? Gidan wa ka yi wa aiki a unguwar nan?" Ka je ka gani, ka tambayi mai gidan ko ya taɓa jin bango na jan mutum da damina. In ya zo naka, ka lura ko ya kashe babban makunni ya gwada da testa kafin ya sa hannu. Ka tambaye shi inda zai kafa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa. In ya ce ba shi da amfani, ku rabu lafiya. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki tun farko, a biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwaruwa ba, domin wanda aka matse a lada a kan waya zai fanshe.

Maɗori kan ce a dawo da marar lafiya bayan 'yan kwanaki ya kwance ya duba. Ka nemi irin wannan alkawari a wurin mai gyara: ya sake leƙowa ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi, a kunna hita da dutsen guga na ɗan lokaci, ya bi soket-soket yana dafawa da bayan hannu, ya ƙara ɗaure duk wanda ya ji da ɗumi.