Ko Ka San Na'ura Ce Ke Auna Ɗan Hoton Da Ke Tsayar Da Yatsanka?

Ɗan hoton nan da kake gani a gefen sunan wasa, a kantin Google Play ko App Store, ba don ado aka sa shi ba. A bayansa akwai kwamfuta da ba ta barci, tana ƙirga mutum nawa suka gan shi, nawa suka taɓa, nawa suka wuce abinsu. Saurayin da ke zaune a majalisa a Moshi Zango ta Kumasi, yana jan allon wayarsa yana neman wasan da zai sauke kafin data ta ƙare, shi ma yana cikin lissafin, ko ya sani ko bai sani ba.

Ido ya riga karatu

Dalilin wannan ƙirge shi ne saurin ido. A shekarar 2014 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa ƙwaƙwalwar mutum tana iya gane hoton da aka haska mata na kashi 13 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya. A 2016 kuma kamfanin Netflix ya bayyana cewa mai neman fim yana ba kowane fim kimanin daƙiƙa 1.8 kafin ya tsallake zuwa na gaba, kuma hoton ne ke ɗauke mafi yawan hankalinsa. Kafin ka gama karanta sunan wasa, idonka ya riga ya yanke hukunci.

Ga kuma cunkoso. Steam, babban kantin wasannin kwamfuta da kamfanin Valve ya buɗe a 2003, ya karɓi sababbin wasanni fiye da 18,000 a shekarar 2024 kaɗai, wato kusan 50 a kowace rana. Wanda ya shafe shekara uku yana haɗa wasansa, a nan zai tsaya sahu ɗaya da dubban irinsa, kuma ba shi da bakin kiran mai saye sai wannan hoton.

Yadda na'urar ke aiki

Aikinta na farko shi ne ƙanƙantar da hoto. Valve na neman mai haɗa wasa ya kawo hotuna masu girma daban-daban. Ƙaramin cikinsu faɗinsa fiksel 462 ne, tsayinsa 174, amma na'urar tana matse shi har ya koma 120 da 45 a wasu jerin sunaye. A wannan girman, wanda bai kai akwatin ashana ba, siririn rubutu yana narkewa, launuka masu kama da juna suna cakuɗewa, taron mutane kuma ya zama tabo.

Aiki na biyu shi ne lissafi. Kantin yana nuna wa mai haɗa wasa sau nawa hotonsa ya bayyana a gaban mutane, da sau nawa aka shiga shafinsa. Google Play ma har gwaji yake bari a yi: mai haɗa wasa ya ɗora hoto biyu ko uku, na'urar ta raba masu ziyara, wasu su ga wannan wasu su ga wancan, bayan kwanaki ta faɗi wanda ya fi sa a sauke wasan. Saboda haka kai da abokinka kuna iya buɗe shafi ɗaya a lokaci ɗaya, kowa ya ga hoto dabam. Daga irin wannan gwajin Netflix ya gano cewa fuskar da ke nuna motsin zuciya ƙarara ta fi jan ido, kuma da zarar mutanen da ke cikin hoto sun wuce uku, sai karɓuwarsa ta ragu. Dama Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Akwai kuma doka. Tun daga watan Satumba na 2022 Valve ya hana cika hoton da makin yabo, ko lambar girma, ko tallar rangwame. Zane da sunan wasa kawai aka yarda, kuma dole sunan ya karantu.

Wahalar wasan haɗa karta

Cikin dukkan wasanni, masu wuyar tallatawa a ɗan hoto sun haɗa da na haɗa karta. Ba irin kartar da ake rabawa a majalisa ba ce, inda kowa ke wasa da abin da rabo ya ba shi. A nan kana farawa da 'yan katuna marasa ƙarfi, kana ƙara sababbi kana zubar da marasa amfani, har ka haɗa tarin da zai kai ka ga nasara. Wasan tebur mai suna Dominion, na Donald Vaccarino, shi ya fito da salon a 2008. Slay the Spire na kamfanin Mega Crit, wanda ya kammala fitowa a 2019, ya yaɗa shi a kwamfuta: bayan kowane faɗa a ba ka katuna uku ka zaɓi ɗaya, in an kashe ka kuma ka koma farko. Sai Balatro, wanda mutum ɗaya ya haɗa, ya fito a Fabrairun 2024, kafin shekara ta zagayo ya sayar da kwafi miliyan 5.

Daɗin irin wannan wasan yana cikin tunani da lissafi, abin da ido ba ya gani. Allon wasan cike yake da katuna masu rubutu da lambobi, waɗanda in an matse su ba abin da zai rage. In mai zane ya cika hoton da katuna, ya zama tarkace. In ya zana jarumi da takobi kawai, mai neman wasan sara da suka zai shigo ya tarar da lissafi ya fita da haushi, mai son karta kuwa ya wuce bai san an yi dominsa ba.

Mafitar da ƙwararru ke bi ita ce rabon aiki. Abu ɗaya ya zama babba, fuska ko dodo ko wata alama da za a tuna. Katuna biyu ko uku, a baje kamar yadda ake riƙe su a hannu, su shaida wa mai kallo irin wasan, domin siffar kati tana ganuwa ko da rubutunsa bai karantu ba. Sunan ya fito da manyan haruffa, mai haske a kan duhu ko mai duhu a kan haske. Bayan hoton kuma a bar shi ya huta. Gwajin mai sauƙi ne: ka ƙanƙantar da zanen, ka jera shi cikin na wasu wasanni goma, ka miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba. In ya kasa faɗin sunan da irin wasan a kallo ɗaya, aiki bai ƙare ba.

Wani tarkon kuma shi ne kama da caca. Balatro ba a zuba kuɗi a cikinsa, amma saboda yana amfani da katunan wasan caca na foka, hukumar PEGI ta Turai, mai ƙayyade shekarun masu wasa, ta mayar da shi na 'yan shekara 18 zuwa sama, har aka cire shi na ɗan lokaci daga wasu kantuna a 2024. Sai a Fabrairun 2025, bayan ɗaukaka ƙara, aka sauko da shi zuwa 12. A unguwa irin Zango, inda uba zai iya leƙa wayar ɗansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ghana ta riga ta san wannan sana'a

Tun kafin wayar hannu ta yaɗu, a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990, masu gidajen bidiyo a Ghana suna yawo da talabijin da na'urar kaset da janareta, gari zuwa gari. Tallarsu ita ce zanen hannu da fenti a kan buhun fulawa da aka farke aka ɗinke. Masu zane irin su Joe Mensah da Heavy J sun san sirrin: ƙaton kai, zaro ido, ja da rawaya masu ƙarfi, suna da manyan baƙaƙe da za a hango daga cikin motar haya ta tiroro tana gudu. A Suame ta Kumasi, shagon Kwame Akoto, Almighty God Art Works, ya yi suna a zanen alluna har ayyukansa suka shiga gidajen tarihi na ƙasashen waje.

Sai dai akwai bambanci guda. Mai zanen buhu yakan ƙara maciji ko bindiga ko jinin da babu su a fim ɗin, wani lokaci ma bai kalli fim ɗin ba, kuma wanda ya biya kuɗin shiga ya biya ke nan. A Steam kuwa, tun 2015, mai saye yana iya karɓar kuɗinsa cikin kwana 14 muddin bai yi wasan awa 2 ba, sannan ya rubuta ƙorafinsa kowa ya gani. Hoton da ya yi alkawarin abin da babu zai jawo taɓawa da yawa, amma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Harkar wasanni ba baƙuwa ba ce a Kumasi. Eyram Tawia, wanda ya yi karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi, shi da Wesley Kirinya ɗan Kenya suka kafa kamfanin Leti Arts a 2009. Kowane wasa da irin waɗannan kamfanoni za su fitar yana buƙatar mai zana masa fuska. Don haka matashin Zango da ke zana allon shagon aski ko rubutu a bayan mota, ya sani hannunsa na da kasuwa a intanet. Ya koyi zane a kwamfuta, ya saba gwada aikinsa a ƙaramin allo, kuma kada ya zana abin da ba ya cikin wasan.