Asalin Yahudawa a Mahangar Masana

Gabatarwa

Nazarin asalin kowace al'umma yakan dogara ne a kan labarin da al'ummar ke bayarwa game da kanta, da abin da maƙwabtanta suka rubuta a kanta, da kuma abin da aka tono a ƙarƙashin ƙasa. Sau da yawa waɗannan hujjoji ba su yin daidai da juna. Yahudawa na daga cikin al'ummun da masana suka fi tafka muhawara a kan asalinsu, kuma muhawarar takan tsallaka daga zauren ilmi ta faɗa cikin siyasar Falasɗinu. Don haka ya kamata ɗalibi ya iya rarrabe abin da ke imani, da abin da ke hasashe, da abin da aka tabbatar.

Sunayen Al'ummar

Sunaye uku aka fi kiran su da su, wato Ibraniyawa da Bani Isra'ila da Yahudawa. Isra'ila laƙabin Annabi Yaƙubu ne (AS). Mafi yawan masana na ganin kalmar Yahudawa ta samo asali daga Yahuza, ɗaya daga cikin 'ya'yansa goma sha biyu, wanda daga baya aka kira masarautar kudu da sunansa. Wasu malaman tafsiri kuwa sun danganta ta da kalmar Larabci "hada", mai nufin tuba.

Mahangar Addini

Musulmi da Kirista da su kansu Yahudawa sun haɗu a kan cewa salsalarsu tana komawa ga Annabi Ibrahim ta hanyar Is'haƙu da Yaƙubu, cewa sun zauna Masar tun zamanin Annabi Yusufu, kuma Annabi Musa ya fito da su daga hannun Fir'auna. Wannan ga mai imani ba abin gardama ba ne. Tambayar masanin tarihi daban take: wace shaida ce ta saura daga wancan zamani da za a iya gani a taɓa? Tun a 1878 Bajamushe Julius Wellhausen ya ƙarfafa ra'ayin cewa littattafai biyar na Attaurar da ke hannun Yahudawa an harhaɗa su ne daga tushe huɗu, a zamuna mabambanta. An yi wa ra'ayin gyare-gyare da yawa, amma shi ya sa manazarta suka juya ga binciken kufai.

Mahangar Tarihi

Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci sunan Isra'ila shi ne na dutsen Fir'auna Merneptah, na wajejen shekara ta 1208 kafin Miladiyya, wanda Flinders Petrie ya gano a Masar a 1896. Abin lura a nan shi ne alamar da marubucin ya sa a gefen sunan tana nuna jama'a ce, ba birni ko daula ba. Ke nan a lokacin akwai mutane masu wannan suna a Kan'ana, amma ba su kafa mulki ba tukuna. Haka kuma a 1993 an tono wani dutse a Tel Dan, na ƙarni na 9 kafin Miladiyya, mai ɗauke da kalmomin da akasarin masana suka karanta da ma'anar gidan Dawuda.

To, yaya suka bayyana a Kan'ana? William Albright ya tsaya a kan cewa da yaƙi suka ci ƙasar. Wannan ra'ayi ya yi rauni bayan haƙar da Kathleen Kenyon ta yi a Yariko daga 1952 zuwa 1958, domin ba ta sami ganuwar zamanin da ake zato ba. Albrecht Alt ya ce makiyaya ne da suka riƙa shigowa sannu a hankali. George Mendenhall a 1962 ya ce talakawan Kan'ana ne suka yi wa sarakunansu tawaye suka haye tsaunuka. Ra'ayin da ya fi rinjaye a yau, wanda Israel Finkelstein ya yi fice a kansa, shi ne mafi yawansu 'yan ƙasa ne da suka kafa ƙananan ƙauyuka a tsaunuka daga wajejen 1200 kafin Miladiyya. Tukwanensu sun yi kama da na Kan'aniyawa, sai dai da ƙyar ake samun ƙashin alade a jujinsu, alhali ga shi a wasu biranen Filistiyawa na bakin teku. Wannan ra'ayi bai kore yiwuwar wani rukuni ya fito daga Masar ya saje da su ba.

Daga nan tarihi ya fi fitowa sarari. Assuriyawa sun rusa masarautar arewa a wajejen 722, Bukhtanassar na Babila ya ci Ƙudus a 586, sannan Farisawa suka bari aka koma bayan 539, duk kafin Miladiyya. Masana da dama na ganin a wannan zamani na gudun hijira da komowa ne Yahudanci ya ɗauki siffar addinin littafi.

Harshe da Jini

Ibrananci reshe ne na harsunan Kan'ana, ɗan'uwan Larabci. Ɗalibin Hausa zai tuna cewa Joseph Greenberg ya sanya harsunan Semitik da na Cadi, har da Hausa, a babban gida ɗaya. Wannan dangantakar harshe ce mai nisan gaske, ba hujja ba ce ta cewa wata al'umma ta fito daga wata.

Warwatsuwa ta haifar da rukunoni: Ashkenazi na Turai masu harshen Yiddish, da Sefardi waɗanda aka kora daga Andalus a 1492, da Mizrahi na Gabas ta Tsakiya. An kuma sami waɗanda suka karɓi addinin, kamar sarakunan Himyar na Yaman. A 1976 Arthur Koestler ya yaɗa ra'ayin cewa Ashkenazi jikokin Khazar ne, wasu Turkawa da sarakunansu suka shiga Yahudanci. Ra'ayin ya sami karɓuwa a bakin jama'a fiye da a wajen masana, domin binciken ƙwayoyin gado na 2010 ya nuna manyan rukunonin na da tushe a Gabas ta Tsakiya, tare da gaurayen jinin ƙasashen da suka zauna. Wani binciken na 2020 a kan ƙasusuwan tsoffin Kan'aniyawa kuma ya nuna cewa Yahudawa da Larabawan yankin Sham duk sun gaji kaso mai yawa daga mutanen wancan zamani.