Shagon intanet: Yadda taken shafi ke kawo mai saye ko ya ɓatar da shi

Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Shi ya sa ma'aikatan tarayya da dama suka mallaki gonaki a Kuje da Gwagwalada da Keffi, suna tanadin ranar da za su cika shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa. Amfanin gonar, kamar zuma da shinkafa da kaji, sau da yawa iyali ne ke buɗe masa shago a intanet.

Sai dai an sha kashe kuɗi a gina shago, a zuba hotuna, a haɗa shi da Paystack ko Flutterwave domin karɓar kuɗi, amma a shafe watanni babu ciniki. Galibi kayan ba su da aibu. Mai saye ne bai san hanyar zuwa ba.

Wanda ya buɗe Google ba ya rubuta sunan shagon da bai taɓa ji ba. Tambaya yake yi: yaya ake gane zuma mai kyau, ko kwana nawa kazar gidan gona ke yi kafin ta isa yanka. Shafin da ke ɗauke da hoto da farashi kaɗai ba ya amsa wannan. Rubutun bayani ne ke amsawa, shi ne kuma ke jawo baƙo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye irin wannan rubutu a Facebook ko a wani adireshi dabam, shago kuma yana can shi kaɗai. Mutum ya karanta, ya gamsu, ya tafi bai ga inda zai saya ba. Ya kamata rubutu da kaya su zauna a adireshi guda, kowane bayani ya kai mai karatu ga kayan da yake magana a kansu, shafin kayan kuma ya mayar da shi ga bayanin. Wannan ba ya buƙatar sabon gini. WooCommerce, wadda ta fito a 2011, a kan WordPress take aiki, manhajar da aka ƙirƙira tun asali domin wallafa rubutu. Shopify ma tana da sashen rubutu a cikinta.

Daga nan sai taken shafi, wato layin da ake latsawa a sakamakon bincike. Shi ne allon ƙofar shago. Shaguna da yawa suna barin "Home" ko sunan shago kawai a kowane shafi, ta yadda shafin zuma da na shinkafa ba su da bambanci a idon mai nema. Kowane shafi na buƙatar takensa: sunan kaya a farko, sai awo da gari, sunan shago a ƙarshe. "Zuma zalla, lita 1, ana kaiwa gida a Abuja" ya faɗi komai. Taken da ya wuce haruffa kusan 60 yakan yanke, wutsiyarsa ta ɓace.

Cusa kalma ɗaya sau uku ba dabara ba ce. A 2021 Google ya sanar da cewa yakan sauya taken da ya yi tsawo, ko aka cika shi da maimaici, ko bai bayyana abin da ke shafin ba, kodayake ya ce a kusan kashi 87 cikin 100 taken mai shafi yake nunawa. Wanda bai rubuta nasa da kyau ba, na'ura ce za ta raɗa wa kayansa suna.

Akwai kuma batun harshe. Wani zai nemi "zuma", wani ya nema da Turanci. Wani ya rubuta "ƙuli-ƙuli", wani "kuli kuli". Search Console, wadda Google ke bayarwa kyauta, tana nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin shafi ya bayyana musu, da adadin waɗanda suka latsa. Shafin da ke yawan bayyana amma ba a latsa shi, takensa za a fara gyarawa, a dawo bayan makonni kaɗan a duba ko adadin ya motsa.