Kilo nawa ya dace da jikinka? Tsakanin ma'aunin likita da idon jama'a

A babbar kasuwar Maraɗi ko a kasuwar Dole ta Damagaram, babu hajar da ke fita ba a auna ta ba. Ɗan kasuwa ya san nauyin buhun wake tun kafin a ɗora shi bisa sikeli, kuma ragin kilo guda ya isa a yini ana gardama. Amma ka tambayi wannan Alhajin nauyin jikinsa, sai ya yi dariya ya ce rabonsa da hawa ma'auni tun shekarar da ya je Makka. Haka ma'aikacin gwamnati a Yamai ko a Tawa: ya haddace lambar albashinsa, bai san faɗin ƙugunsa ba. A wurinmu gaisuwa ce ma'auni. In aka ce maka "ka yi kyau, hutu ya karɓe ka", to ka ƙaru. In aka ce "lafiya kuwa?" ana ƙare maka kallo, to ka ragu, kuma labari ya kama hanya.

Bai kamata a yi wa wannan ɗabi'a dariya ba, domin tana da tushe. Ƙasar da ta sha farin 1973 da 1974, ta ga yunwar 1984 wadda mutane suka laƙaba wa El Buhari, ta kuma ga yaran da suka cika cibiyoyin tamowa a jihar Maraɗi a 2005, ba za ta ɗauki rama abin ado ba. A shekarun 1990 kuma sida ta ƙara wa rama wani mugun suna, har mutum ya riƙa tsoron saukar da kilo biyar kada a fara nuna shi da baki. Ga ɗan kasuwa, tumbi shaida ce cewa jari na nan. Ga magidanci, ƙibar uwargida shaida ce cewa ana ci ana sha a gidansa.

Sai dai zaman birni ya sake. Wanda kakansa ke yini da hauya, shi yana yini bisa kujera a biro ko a bakin kanti, in zai je masallacin da ke bayan gida sai ya hau babur. Shinkafa da mai sun ture tuwon hatsi, shayi kuwa ba ya sauka daga kan gawayi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na ɗauke da ƙiba mai yawa, kuma birane irin namu ba su tsira ba. Hawan jini, ciwon sukari, ciwon gwiwa da shanyewar ɓarin jiki su ne kuɗin da ake biya daga baya. Ranar da likita ya ce wa mutum ya rage jiki, tambayar da ke biyowa ita ce mai wuya: a rage har zuwa ina?

Lissafin likita da iyakarsa

Amsar farko da za a ba ka lissafi ce, wanda ake kira IMC da Faransanci. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da ya fito. Mai tsawon mita 1,70, in ya ninka zai sami 2,89. In nauyinsa kilo 92 ne, ya raba, zai ga wajen 32. A ƙa'idar OMS, ƙasa da 18,5 rama ce, daga 18,5 zuwa 24,9 daidai ne, daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce mai yawa. Ke nan ga mai wannan tsawo, abin da takarda ke kira daidai ya tashi daga kilo 53 da rabi zuwa kilo 72. Mai karatu ya lura da faɗin wannan tazara: kusan kilo 19. Takardar da kanta ba ta ce ga lamba ɗaya tilo ba.

Yana da kyau a san inda lissafin ya samo asali. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1830, kuma ba likita ba ne; abin da ya dame shi shi ne siffar matsakaicin mutum cikin taron Turawa. Sai a 1972 wani masanin Amurka, Ancel Keys, ya ba shi sunan da aka san shi da shi yau. An yi shi ne don auna jama'a da yawa, shi ya sa yake tuntuɓe in aka zo kan mutum guda. Ba ya bambanta tsoka da kitse. Ɗan kokowar da ke neman takobin ƙasa zai iya haura 28 alhali babu kitsen banza a jikinsa, sannan akawu mai siraran ƙafafu da ƙaton ciki ya tsaya a 24 ya ce shi lafiya lau yake. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ma ta rage iyakar ga baƙaƙen fata da mutanen Asiya zuwa 23 da 27,5, saboda ciwon sukari kan kama su tun nauyinsu bai kai na Turawa ba. A farkon 2025 kuma wani kwamitin masana na ƙasashe da dama ya fito ya ce kada a yanke wa kowa hukuncin ƙiba da wannan lissafi shi kaɗai.

Abin da ya fi damun likitoci shi ne inda kitsen ya taru. Na cinya da na mazaunai da sauƙi. Na cikin ciki, wanda ke naɗe hanta da hanji, shi ne ke tura sukari da jini sama. Auna shi ba ya bukatar ko dala. A sami igiya, a yanke ta daidai tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, a ninke ta biyu, a zagaya ƙugu da ita daidai saman cibiya, bayan an saki numfashi, ba tare da an haɗiye ciki ba. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, ƙugu ya wuce rabin tsawo, kuma tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gaba. Ga mai mita 1,70 iyakar ita ce santimita 85, ga mace mai 1,60 kuwa santimita 80.

Lambar da za a iya riƙewa

Mu koma kan mutuminmu mai kilo 92. In ya ce sai ya sauka zuwa 72, ko zuwa nauyin da yake da shi ranar angwancinsa, ya ɗauko wa kansa kilo 20. Akasarin masu irin wannan alwashi sukan yi wata biyu suna azabtar da kansu, su saki, jiki ya koma inda yake har da ƙari. Ba raunin zuciya kaɗai ba ne. Jikin da aka rage wa nauyi yakan rage abin da yake ƙonawa, ya ƙara jin yunwa, kamar mai gidan da ya ga rumbu na raguwa. Wani bincike da aka yi a Ostareliya aka buga a 2011 ya nuna cewa shekara guda bayan an rame, sinadaran da ke tayar da yunwa ba su koma yadda suke ba.

Abin farin ciki shi ne lafiya ba ta jira sai an kai 72. Ragin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ya isa a ga canji a awon jini da na sukari. A Amurka, cikin wani babban bincike da aka bayyana sakamakonsa a 2002, an sa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari su nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a tsakaninsu, fiye da abin da ƙwayar magani ta yi a wannan binciken. Ga mai kilo 92, kashi 7 bai kai kilo 6 da rabi ba. Kashi 10 kuwa zai kai shi 83. A takarda har yanzu ana kiransa mai nauyi, amma gwiwarsa da zuciyarsa sun san an sauke musu kaya.

Shawarata ita ce a zaɓi zango kusa, kuma kada ya zama lamba guda. A ce tsakanin 83 da 85, domin jiki na hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu saboda ruwa, gishiri da abin da aka ci jiya. A je a hankali, rabin kilo zuwa kilo guda a mako. In an kai, a tsaya wata shida a ga ko za a iya zama a wurin ba tare da an ƙaurace wa tuwon gida da cin abincin suna da biki ba. Nauyin da ba ya riƙuwa sai da yunwa kullum ba naka ba ne, aro ka yi. Na watan azumi ma haka yake: abin da ya zube yakan dawo ƴan makonni bayan salla.

Ta yaya mutum zai gane ya iso wurin da ya dace da shi? Jiki magayi, in ji Hausawa. Yana yin ruku'u da sujada ya miƙe ba tare da dafa bango ba. Yana hawa bene ya iya amsa gaisuwa a sama. Minsharin da ke hana iyali barci ya ragu, kasala bayan azahar ta sauka. Sai a haɗa wannan da shaidar asibiti, domin hawan jini ba ya sallama: awon jini ya tsaya ƙasa da 14 bisa 9 kamar yadda ma'aikatan lafiyarmu ke faɗa, sukarin safe kafin karin kumallo ya yi ƙasa da giram 1,10 a lita. Daga 1,26 zuwa sama, in an maimaita awo an sake samun haka, ciwon sukari ne, kuma maganar ta wuce ta kilo.

Kan hanyar kai wa can ba zan tsawaita ba, sai abu guda da na ga mun fi raina shi. OMS ta ce sukarin da baligi ke sha a yini kada ya wuce wajen giram 50, in ya tsaya a 25 ya fi. Kwalbar lemo guda mai santilita 33 tana ɗauke da kusan giram 35. Mai zaman majalisar shayi ya ƙirga dunƙulen sukarin da ake zubawa daga na fari zuwa na uku, ya kuma ƙirga sau nawa ake ɗora buta a yini.

Ba kowa ne zai rage ba

Maganar mata ta fi tsanani, don su matsin ta ɗaya gefen yake zuwa musu. A ƙasarmu an san al'adar ƙibantar da mace, daga hangandi na Zabarmawa zuwa ɗurar madara da aka daɗe ana yi wa ƴan mata a wasu gidajen Larabawan Azawak. A birni abin ya koma ƙwaya. Ƴan tallar magani na sayar wa amare da masu jego dexamethasone da irin su cyproheptadine, abin da wasu ke kira sha ka fashe. Ta farkon maganin kumburi ce mai ƙarfi. Abin da take kawowa kumburin fuska da ciki ne da tara ruwa, tana ɗaga sukari da jini, tana cin ƙashi, tana raunana garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kuma bai kamata ta yanke ta dare ɗaya ba, sai likita ya riƙa rage mata sannu a hankali, domin yankewar gaggawa na iya kayar da ita. Magidancin da ke yi wa matarsa gorin rama ya sani da hannunsa a cikin wannan ciniki.

Akwai kuma waɗanda burinsu na gaskiya ƙari ne. Wanda lissafinsa ya gaza 18,5, ko wanda ya tashi daga doguwar jiyya, ya nemi ƙaruwa da wake, gyaɗa, ƙwai, nono da nama. Mai juna biyu ba ta rage jiki. Dattijon da ya haura 65 shi ma ya yi hattara, don a wannan shekaru zubewar tsoka ta fi ɗan tumbi haɗari. Wanda kuwa ya ga yana zubewa bai nema ba, har kashi 5 cikin ɗari a wata shida zuwa shekara, kada ya yi murna: ciwon sukari, tarin fuka da wasu cututtuka da haka suke fara sallama, ya tafi asibiti.

Saura bakin mutane. Ɗan kasuwar da ya ƙudura rage kilo 8 ya faɗa wa iyalinsa da abokan cinikinsa tun da wuri cewa umurnin likita ne, kafin wani ya fassara masa ramar da karayar jari. Ya riƙa hawa ma'auni guda, sau ɗaya a mako, da safe, da tufafi marasa nauyi. Ana samunsa a farmasi da yawa da kuma asibitocin unguwa. Babbar riga da wando mai zariya ba sa tona asirin kowa, shi ya sa mutum kan ƙara kilo 10 bai farga ba. Amma telan da ke yi maka ɗinkin salla yana da littafin awo. In ka je wurinsa, ka ce ya buɗe shafinka na shekara biyar da suka wuce, ya karanta maka awon ƙugu, sannan ya zagaya ka da mitarsa ya rubuta na yau a gefensa.