YouTube: ina bidiyon yake, kuma wa ke zaɓa maka abin kallo?

Tambayar da iyayen yara suka fi yi mini a ƙofar lakwal ita ce: "Mushe, wai wannan YouTube ɗin, wa ke zuba finafinan cikin waya?" Ba mai zubawa. Bidiyon yana can ajiye a manyan kwamfutocin kamfanin Google, da ka taɓa shi sai a riƙa turo maka shi kaɗan-kaɗan ta intanet, kamar ruwan famfo. Shi ya sa in rezo ya yi rauni hoton ke tsayawa cak, kuma shi ya sa kuɗin intanet ɗin da ka zuba da safe ke ƙarewa kafin la'asar.

Wasu matasa uku suka kafa dandalin a Amurka cikin 2005. Bidiyon farko daƙiƙa 19 ne kacal: ɗayansu, Jawed Karim, tsaye gaban giwaye a gidan namun dajin San Diego. A 2006 Google ya saye shi kan dala biliyan 1.65, dalar Amurka fa, ba tamu ta sayen ƙosai ba.

Kowa na iya buɗe tasha ya ɗora bidiyo kyauta. To ina ribar? Talla. 'Yan kasuwa na biyan YouTube don a saka tallarsu cikin abin da kake kallo, shi kuma ya ba mai tashar kashi 55 cikin 100 in dogon bidiyo ne. Da haka finafinai masu dogon zango irin su Izzar So suka samu gindin zama. Amma samarin da ke ganin buɗe tasha shi ne arziki su sani: kafin a fara raba kuɗin talla da kai, ana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ba a kowace ƙasa tsarin biyan ke aiki ba.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malami shi ne zaɓin. Mutane da yawa sun ɗauka shafin farko iri ɗaya ne ga kowa, kamar labaran rediyo. Ko alama. Na'urar tana lura da abin da ka taɓa, da minti nawa ka yi a kansa, da inda ka gaji ka fice, sai ta kawo maka irinsa. Wanda ya saurari tafsiri za ta ƙaro masa tafsiri. Wanda ya tsaya kan rigimar 'yan fim, gobe rigima zai tarar. Ni a aji ina duba abin da yaro yake buƙata ko da ba ya so, ita kuwa abin da zai zaunar da shi take dubawa, don zamansa ne ake sayar wa masu talla. Darasin lissafi na nan birjik, sai dai ba ya zuwa da kansa, sai an rubuta sunansa a wurin nema.

Ga mai miƙa wa yaro waya: akwai ɗan maɓalli jikin bidiyo da ke sa wani ya fara da kansa in na farko ya ƙare, a kashe shi. A mayar da ingancin hoto 360 maimakon 1080, kuɗin intanet zai yi auki. Sannan a riƙa leƙa tarihin kallo, duk abin da aka buɗe da daddare yana nan jere.