3.4 Shan Giya: Gado Ne ko Koyi?

A ƙasar Yauri, kamar sauran ƙasar Hausa, akan binciki asalin saurayi kafin a ba shi aure. Idan aka tarar mahaifinsa mashayi ne, sau da yawa magana takan tsaya a nan, a ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan hukunci yana da nauyi a yankin da ya haɗa Yauri da Ngaski da Shanga, inda tun kafin a gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968 ake dafa burkutun dawa domin gayya da bukukuwa a wasu ƙauyukan bakin Kwara. Don haka ya kamata a duba abin da masana kimiyya suka gano.

Goodwin (1973) ya yi nazarin 'ya'yan da aka ba riƙo tun suna jarirai a ƙasar Denmak. Ya tarar 'ya'ya maza na mashaya sun ninka sauran kusan sau huɗu wajen kamuwa da jarabar giya, alhali ba su tashi a gaban iyayensu ba. Nazarin tagwaye kuma ya nuna cewa gado yana ɗauke da kimanin rabin haɗarin.

To amma wace ƙwayar gado ce ke jawo haka? A nan ne aikin ya yi wuya. Ƙwayoyin gado ba sa aiki daidai wa daida; wata takan yi aiki sosai a ƙwaƙwalwar wani, ta yi rauni a ta wani. Ana iya auna wannan, sai dai kowane ɗakin bincike yakan fito da nasa jerin, saboda samfurin da ya auna kaɗan ne. Dabarar da aka fito da ita ita ce a haɗa sakamakon bincike da dama wuri guda, a riƙi abin da ya maimaita kansa kawai.

Haka Mulligan da abokan aikinta suka yi a 2006 a Amurka. Sun tattara awo 107 na ƙwaƙwalwar ɓeraye, waɗansu daga zuriyar masu son giya, waɗansu daga zuriyar masu ƙin ta. Ɓerayen da aka auna ba a taɓa ba su giya ba, wato bambancin da aka gani da shi aka haife su. An sami ƙwayoyin gado wajen 3,800 da aikinsu ya bambanta. Ke nan babu wata ƙwaya tilo da za a kira ta shaye-shaye. Ko da yake ɓera ba mutum ba ne, wannan adadi ya isa ya raunana hujjar masu yanke hukunci da sunan uba kaɗai.

Wani abin lura shi ne gado yakan yi kariya. Mutane da yawa a Sin da Japan da Koriya suna da wani nau'i na ƙwayar ALDH2 wanda ke hana hanta kawar da dafin da giya ke rikiɗewa ta zama. Da sun sha kaɗan sai fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa tashi, shi ya sa jarabar ba ta cika kama su ba.

Ɗaya rabin kuwa na muhalli ne: abokai, arhar burkutu, tarbiyya, addini da doka, kamar haramcin giya da ya biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Jihar Kebbi a 2000.